Ba kowane gam ne rana ke busarwa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman a ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi bayani a kan gam, abin da ake rainawa saboda arharsa, alhali kullum sai ya haɗa mai sana'a faɗa da mai ba shi aiki. Ƙafar kujera ta saki bayan wata biyu, takalmin salla ya buɗe baki tun ba a gama yawon salla ba, mahaɗar bututun banɗaki tana ɗiga cikin bango, hukuncin kowa ɗaya ne: gam ɗin jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai mu da muke koyar da aikin hannu mun san sau da yawa gam ɗin lafiyarsa lau, an dai bi da shi ta hanyar da ba ta nan yake kamawa ba.

Yawancin mutane sun ɗauka hanya ɗaya ce: a shafa, a shanya a rana ko a hura da baki, ya bushe. Wani gam ɗin haka yake. Amma akwai wanda laimar iska yake jira, akwai wanda ba zai taɓa daskarewa ba sai an gauraya shi da abokin tafiyarsa, akwai mai buƙatar ya huce kawai, har da wanda sai an toshe masa iska baki ɗaya. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman. Mintocin da ake bugawa a jikin gwangwani an auna su ne a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, laimar iska kuma wajen kashi 50 cikin 100. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram zafin Afrilu yakan haura digiri 40, da rana a tsakiyar hunturu laima takan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ta kai 80. Wanda ya bi lissafin gwangwani ido rufe, aikinsa na bazara daban, na damina daban, na hunturu daban, kuma da gwangwani ɗaya.

Mu fara da farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, tunda shi aka fi yi wa ƙazafi. Wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin roba ne ke yawo a cikin ruwa, kusan rabin nauyinsa ma ruwan ne. Idan an shafa shi tsakanin katako biyu an matse, katakon ne ke tsotse ruwan, ƙwayoyin su yi ta matsowa har su haɗe su zama fata guda mai tauri da ta shige cikin ƙofofin katakon. Alamar an kai nan ita ce launinsa ya tashi daga fari ya koma garai-garai. To tunda sai ruwa ya samu mafita, dole aƙalla fuska ɗaya ta kasance mai sha. Ƙarfe da ƙarfe, gilashi, ko katakon da ya riga ya sha fenti, gefe-gefe ne kawai zai bushe, ciki ya yi kwanaki yana ɗanye.

Kuma ba gam ɗin cike giɓi ba ne, domin in ruwan ya fita tsukewa yake yi. Fuskokin biyu su zauna daram, ratar da ke tsakani kada ta wuce kaurin takarda. Giram 150 zuwa 200 ya ishi murabba'in mita ɗaya, wato kilo guda ya kamata ya shafe murabba'in mita biyar zuwa shida. Bayan shafawa akwai kamar minti biyar zuwa goma kafin a haɗa, amma da iskar hunturu ko a ƙarƙashin fanka, kafin minti biyar ya riga ya yi yana a sama, kuma gam ɗin da ya yi yana ba zai jiƙa ɗaya katakon ba. Don haka a fara gwada haɗin a bushe, a buɗe ƙarafan matsi daidai faɗin aikin a ajiye kusa, sannan a taɓa gam. In an matse a duba layin haɗin: 'yan ɗigo su ɓullo a jere daga farko har ƙarshe. In babu ko ɗaya, gam ya yi kaɗan. In yana zuba, asara aka yi. Matsi ya zauna rabin awa zuwa awa ɗaya, katakon da ke ƙoƙarin miƙewa kuwa ya kwana a matse, kuma kada a ɗora wa aikin nauyi sai bayan awa 24. Ƙusa ba ta maye gurbin matsi, iyakar inda ta shiga take dannewa. Abin da ya ɓullo waje a bar shi kamar minti ashirin ya yi danƙo sannan a kankare da wuƙa. In aka goge da jiƙaƙƙen tsumma ana tura shi cikin ƙofofin katakon ne, ranar da aka shafa banish wurin ya fito da farin tabo.

Bakin katako, inda zarto ya yanke shi a gicciye, nan haɗi ya fi saki. Katako kamar damin kara yake, bakin nan ramuka ne zalla, suna zuƙe gam ɗin su bar haɗin fayau. Maganinsa a shafa siriri, a bar shi ya sha na 'yan mintoci, a sake shafawa sannan a haɗa. Duk da haka baki da baki ba ya ɗaukar nauyi sai an huda ɗaya an cusa ɗan'uwansa, ko an kafa 'yan turakun katako a ciki. Masu tsinka gam da ruwa don ya yi auki kuwa su sani, abin da ya wuce cokali ɗaya na ruwa a cokali ashirin na gam ƙarfinsa yake ci.

Babban mai laifin da ba a cika kamawa ba shi ne ɗanyen katako. Ana sauke shi daga kudu da ruwansa, a yanka a haɗa a makon. Jiƙaƙƙen katako ba zai sha ruwan gam ba, wannan ke nan. Sannan katako yana bin iskar inda yake zaune: in laima ta kai kashi 80, ruwan jikinsa kan tsaya wajen kashi 16, in ta sauka 20 ya koma ƙasa da kashi 5. Ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba, kuma allon da faɗinsa ya kai santimita 30 zai iya rasa kusan santimita guda tsakanin ɗanyensa da bushewar hunturu. Babu gam ɗin da zai riƙe wannan jan. In layin gam bai buɗe ba, katakon ne zai tsage a gefensa. Shi ya sa teburin da aka haɗa a Agusta yake darewa a Janairu. A jera katako a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane allo don iska ta ratsa, ya yi makonni, mai kauri ma watanni. A wurare irin Jos, ko da asubahin hunturu mai tsanani, in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ƙwayoyin ba sa haɗewa sosai, gam ya bushe fari yana marmashewa; a jira hantsi. Ƙofar waje ko kabad ɗin kicin kuma a nemi mai alamar D3 ko D4 a jikinsa, domin D2 na cikin ɗaki ne, ruwa na sassauta shi.

Gam ɗin masu takalma da masu kujerun kushin, wanda kowa ke kira Evo-Stik ko wane kamfani ne ya yi shi, dokarsa kishiyar ta farin gam ce. Roba ce da ake kira niyofirin aka narkar cikin sinadarai masu saurin tashi irin su toluwin, su ne warin nan mai hawa kai. Dole su tashi kafin a haɗa, ba bayan an haɗa ba. A kankare fuskokin biyu da samfefa ko magagari, a kakkaɓe ƙura, a shafa siriri a kan dukkansu, a ajiye su a rabe minti goma zuwa sha biyar. A taɓa da bayan yatsa: ya ɗan riƙe amma kada ya biyo. Fata da soso da yadi suna shanye shafin farko, sai an ƙara na biyu bayan na farkon ya bushe. Daga nan a daidaita da kyau, don da zarar sun taɓa juna babu gyara. Shi ya sa masu manna fomeka ke jera 'yan sanduna a tsakani suna zarewa ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya. Ƙarfin haɗin yana ga tsananin dannawa, ba daɗewarta ba, bugun guduma na 'yan daƙiƙoƙi ya fi a ɗora bulo a kai ya kwana. Wanda ya haɗa tun gam na jiƙe ya kulle sinadarin a ciki, tsakanin roba da roba ba shi da hanyar fita, takalmin ya yi kamar ya kama, zafin kwalta na taɓa shi ya saki. In kuma an bari lokaci ya wuce har ya daina kamawa, a hura masa iska mai zafi daga na'urar busar da gashi, zai farfaɗo. Ba da harshen wuta ba. Ko an haɗa daidai, robar tana ci gaba da yin tauri kwana ɗaya zuwa uku, saboda haka mai takalmin da ya karɓa ya zura nan take ya kama hanya, shi ma yana da nasa kason a laifin.

Da damina wani abu ne daban ke faruwa. Sinadarin in yana tashi yana sanyaya fuskar, raɓa ta sauka a kan gam ɗin ya yi dishi-dishi, kuma ruwan nan ne zai shiga tsakani. A yi aikin a ɗaki busasshe, a ƙara lokacin jira. Farin soson nan da ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali narkewa yake yi in wannan gam ya taɓa shi. Ƙasan takalmi na robar PVC mai laushi kuma yana ɗauke da wani mai da ke tausasa shi, a hankali man ya ratso cikin gam ya mayar da shi yauƙi. Irin wannan sai gam ɗin takalma na foliyuritan, wanda ake ɗumamawa kafin a haɗa. Idan gwangwani ya yi kauri, tinar da kamfanin ya ambata za a zuba. Fetur ba ya narkar da niyofirin yadda ya kamata kuma yana barin maiƙo. Tururin wannan gam ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, zai iya iske risho ko kurfoti a ɗaya kusurwar shago ya kama da wuta.

Sholishon masu faci ɗan gidan nan ne, da ƙarin sinadarin da ke sa lallausar fuskar faci ta dahu ta zama jiki ɗaya da tiyub ba tare da wuta ba. A kankare wurin fiye da faɗin facin, a shafa siriri, a jira kamar minti uku zuwa biyar har ƙyallin ya dushe, a ɗora ba tare da yatsa ya taɓa fuskar ba, a murje daga tsakiya zuwa gefe. Facin wuta kuwa ɗanyar roba ce mai farar wuta a ciki, zafi wajen digiri 140 zuwa 150 tare da matsi ne ke dafa ta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka tun 1844. In wutar ta yi kaɗan facin ya fito da danƙo, in ta yi yawa tiyub ɗin ya ƙone a kewaye. Ba za mu wuce nan ba sai mun ce wa masu shaguna su ji tsoron Allah: yaron da ba shi da keke ba shi da rumfar faci, ya zo sayen sholisho kullum, kowa ya san abin da zai yi da shi. Shaƙar sinadaran nan tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, takan kuma tsayar da zuciya farat ɗaya.

Gam ɗin bututun famfo na PVC ma ba manna abu yake yi ba, narkar da fatar bututun da ta soket, wato mahaɗar da ake cusa bututun a ciki, yake yi, su cakuɗe, in sinadarin ya tashi su koma roba guda. Wannan ya sa lokaci ke da tsada a aikinsa. A yanke bututu a miƙe, a kankare gashin bakin a ɗan fere shi, in ba haka ba kaifin zai share gam ɗin ya tura shi ciki. A gwada a bushe: ya kamata bututu ya shiga kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku na zurfin soket sannan ya cije. A goge ƙura da ruwa, a shafa wadatacce a kan bututu, siriri a cikin soket, a cusa nan take tun yana jiƙe har ƙarshe, a ɗan murɗa kwata, a riƙe daƙiƙa 30 don yana turowa baya. Bututun da ya wuni a rana yana busar da gam kafin a kai ga cusawa, a ja shi inuwa tukuna. Ƙananan bututun gida a ba su aƙalla awa biyu kafin a saki ruwa, manya da na bakin injin burtsatse su kwana. Gam ɗin da ya fara daskarewa a gwangwani ya mutu, babu abin da za a zuba ya dawo. Koren bututun PPR da baƙin bututu mai lanƙwasa kuwa wannan gam ba ya cin su ko kaɗan. PPR da injin zafi ake haɗa shi, a digiri 260.

Sufa gulu shi ba ruwansa da bushewa. Babu wani ruwa a cikinsa da zai tashi. Ƙananan ƙwayoyin sinadari ne da ke jiran abin da zai tayar da su su sarƙe da juna su zama roba mai tauri, abin da ke tayar da su kuwa shi ne ɗan danshin da ke kan kusan kowace fuska, wanda ido ba ya gani. Harry Coover ne ya ci karo da shi a Amurka a 1942 ana neman robar da za a yi abin saitin bindiga, aka yi watsi da shi don yana manne wa komai, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi. Tunda daga fuska daskarewar ke farawa, siririn shafi ne ke kamawa cikin daƙiƙoƙi. Ɗigo ɗaya ya ishi wuri mai inci ɗaya tsawo da faɗi, a fuska ɗaya kawai, a danne rabin minti zuwa minti guda babu motsi, cikakken ƙarfi kuma sai washegari. Wanda ya tuttula da yawa ya jinkirta kansa, tsakiyar ta daɗe tana ruwa, gefen ya yi farin hazo. Ya fi son laima kashi 40 zuwa 60. Da hunturu sai ka ga ya manne yatsu nan take, don fata ba ta rabuwa da danshi, amma ya ƙi kama busasshen abin da ake gyarawa, sai a jefar a ce jabu ne. A huci ɗaya fuskar da baki kafin a haɗa, ya isa. Abu mai tsami, kamar wasu katakai da fatar da aka jeme da bagaruwa, yana rage masa sauri. Abu mai kanwa-kanwa yana ƙara masa. Nan ne asirin masu gyaran da ke barbaɗa bekin soda ko toka su ɗiga gam a kai ya sandare nan take. Dabara ce mai kyau ta cike giɓi, a yi ta hawa-hawa, siriri bayan siriri, amma abin da ta bayar tauri ne da shi ba juriya ba. Kada a bari ya zuba a kan auduga ko rigar auduga da ke jiki, zafin da ke tashi yana ƙona fata.

Ba ya son bugu, ba ya son lanƙwasa, ba ya son zama cikin ruwa, kuma daga wajen digiri 80 yake fara rauni. Ƙasan takalmi da hannun kofin shayi ba aikinsa ba ne. In ya manne yatsu, ruwan ɗumi da sabulu ko asiton na goge jan farce, a murza a hankali, ba fizga ba. Mazubinsa ya yi kama da na maganin ɗigawa a ido, don haka kada a ajiye su wuri ɗaya. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɓanɓare fatar idon da ƙarfi, a wanke da ruwan ɗumi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.

Akwai robobin da duk gam ɗin kasuwa ba ya kama su: jarka, bokiti, buta, tankin ruwa, kujerar roba. A duba ƙasansu, in an ga lamba 2 ko 4 ko 5 a cikin alama mai kusurwa uku, a huta. Fuskarsu ba ta yarda ruwa ya baje a kanta, gam ma haka, dunƙulewa yake yi ya ɓare daga baya. Masu liƙin roba da ke narkar da ɓallin irin robar da ƙarfe mai zafi su ne a kan daidai.

Silikon, gam ɗin toshe giɓi da ake matsowa a gefen gilashi da makamantansa, shi ma laima yake ci, sai dai daga waje zuwa ciki. Yana yin fata cikin minti goma zuwa ashirin, daga nan milimita biyu zuwa uku kawai yake dahuwa a yini da kwana, da hunturu ma bai kai haka ba. Layi mai kaurin santimita guda sai ya yi kwanaki. Mai warin ruwan khal yana fitar da tsami yayin da yake dahuwa, yana cin tagulla da wayar wuta da bayan madubi, ba ya kuma jituwa da siminti da mabul. Waɗannan sai marar tsami. Sabo ba ya kama tsoho sai an kankare tsohon tas, fenti kuma ba ya zama a kansa. Makanikai masu lafta shi a bakin inji su tuna abin da ya ɓullo waje, irinsa ya ɓullo ciki, kuma shi ne ke tsinkewa ya toshe matatar baƙin mai.

Gam mai mazubi biyu, irin su Araldite da aka fara yi a Suwizalan a shekarun 1940, da wanda makanikai ke kira fo minit, ba iska ba rana ba laima, haɗuwar biyun, wato gam ɗin da mai daskarar da shi, ce ke daskarar da shi. Kowace ƙwaya ta ɗaya tana da adadin ƙwayoyin ɗayan da za ta kama, shi ya sa awo ya zama wajibi. Na ƙananan mazubai ɗaya da ɗaya ne: a matso layi biyu masu tsawo ɗaya gefe da gefe a kan kwali mai tsabta. Ƙara mai daskararwar ba ya ƙara sauri, rarar ba ta da abin kamawa, sai ta zauna a ciki ta bar gam ɗin da laushi da maiƙo har abada. A juya cikakken minti guda ana kankaro gefe, har launi ya zama ɗaya babu zane. Zafi ne ke tuƙa shi: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurinsa. Mai minti huɗu ko biyar a takarda, da azahar ɗin bazara bai fi minti biyu zai ba ka ba. Yana kuma haifar da nasa zafin, in an dama da yawa a ɗan kofi sai ya ɗau zafi ya sandare a hannu; a dama kaɗan-kaɗan a baje a faranti. Da ya fara yauƙi lokacinsa ya wuce, kada a shafa, kada kuma a motsa abin da aka riga aka haɗa. Shi yana cike giɓi don ba ya tsukewa, ba ya kuma son matsi mai tsanani da zai koro shi waje. Mai jinkirin, wanda ke ba da awa ɗaya da wani abu na aiki ya kwana kafin ya kama, ya fi mai saurin ƙarfi da jure ruwa. Na gama-gari suna laushi tun daga digiri 60 zuwa 80, to a yi tunani kafin a liƙe lagireto da su, salansa kuwa ba a ma maganarta. Ƙarfe a kankare shi har ya yi ƙyalli, a goge da asiton ko sifirit, kada da kananzir, a shafa kafin tsatsa ta dawo. Mai yawan aiki da shi ya sa safar hannu, yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum in ya fara.

Gam ɗin kyandir da ake narkarwa a bindiga hucewa kawai yake yi, ƙasa da minti guda. Ƙarfe mai sanyi yana daskarar da shi kafin ya kama, sai an ɗan ɗumama ƙarfen, kuma abin da zafi ya narkar zafi zai sake sassautawa: motar da aka rufe a rana cikinta kan wuce digiri 60. Ruwan kulle noti, shuɗi ko ja, sai ya shiga tsakanin zaren ƙarfe inda babu iska yake daskarewa. Kwalbarsa da ake gani ba a cike ba, ba ha'inci ba ne, iskar da aka bari ce ke hana shi sandarewa. Shuɗin yana kwancewa da sifana, jan sai an gasa.

Namu na gargajiya suna bin dokar ruwa. Ƙaron dakwara da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa narkewa yake yi, ya bushe ya riƙe, ruwa ya taɓa shi ya sake narkewa. Shi ya sa tawadar da aka haɗa da shi take zama a allo ta kuma wanku. Kokon sitaci na rogo da ake manna takarda da fata da shi sai an dafa ya wuce digiri 60 zuwa 70 ƙwayoyinsa suke fashewa su yi danƙo, ɗanyen kullu ba ya manna komai.

Idan haɗi ya ɓalle, kafin a kama rigar mai shago a duba fuskokin biyu, su ne shaidu. In gam ɗin duk ya tafi gefe ɗaya, ɗayan ya fito sumul, to maiƙo ne ko ƙura ko fenti, ko an makara wajen haɗawa, ko robar ba mai kamuwa ba ce. In gam ya rabu biyu yana kowane gefe, ga laushi ko marmashi, awo ne bai yi ba, ko an tsinka shi, ko an ɗora nauyi da wuri, ko kuwa da gaske ya lalace. In kuma tsokar katakon ce ta yage ta biyo gam, gam ya yi aikinsa, a tuhumi katakon ko tsarin haɗin. Mai shakkar sabon gwangwani ya manna 'yan guntaye biyu masu tsabta bisa ƙa'ida, ya bar su awa 24, ya fasa da guduma ya karanta.

Roƙonmu ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, shi ne ta matsa wa masu yin gam da masu shigo da shi su buga ranar yi da ranar lalacewa a inda ido zai gani, domin yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu suke yi, sufa gulu da silikon ma sun fi saurin mutuwa. Kamfanonin da ke cin kasuwar Arewa su sa bayanin amfani da Hausa, da lokutan da suka dace da zafinmu. 'Yan kasuwa kuma su sauke katin sufa gulu da gwangwanayen Evo-Stik daga bakin rumfa inda rana ke dukansu tun safe, su mayar da su ciki, a ƙasan kanta.

Wassalam.

Daga wasu malaman koyar da aikin kafinta, famfo da gyare-gyare,
Kano.